Ciwon da Na Ɓoye wa Surukina

Ni da matata ba mu haihu ba. Da wannan na fara don duk abin da zan faɗa a kansa ya tsaya, kuma na gaji da jin mutane suna faɗinsa a madadina, murya ƙasa-ƙasa, kamar ba na wurin. Yanzu na tsufa, faɗinsa ba ya yi mini zafi, ba ya yi mini sanyi. Abu ne da ya faru, kuma na san kwanakin da ya faru a cikinsu. Ba su cika sati uku ba.

Shekara biyu ko uku ke nan bayan Turawa sun miƙa mulki, ina da wata bakwai da aure. Muna zaune a wani ƙauye a ƙasar Kudan, kusa da Taba, inda rake shi ne arzikin kowa. Yayana yana da injin matsar rake, irin wanda doki ke zagayawa da shi. Aikina in ɗauko damman rake daga fadama, in tura su bakin injin, in kuma ciccibi garewanin ruwan rake zuwa manyan kasake, inda ake dafa shi har ya yi kauri, a zuba a tasoshi ya daskare ya zama mazarƙwaila. In lokacin matsa ya zo, a gidanmu ba a ciwo. Ba wanda ya kafa wannan doka, amma raken da aka sare in ya kwana biyu a ƙasa sai ya fara tsami, kowa kuma ya san haka.

Da fitsari abin ya fara. Ɗan zafi a ƙarshensa, sai yawan zagayawa bayan danga, in tsuguna in tashi da ɗigo biyu ko uku. Na ce zafin wutar kasko ne. Bayan kwana uku na ji nauyi a ɗaya daga cikin 'ya'yan marainana, na hagu. Ba ciwo ne sosai ba, nauyi ne kawai, kamar an rataya mini ɗan dutse. A wurin wanka na shafa, na ji wani abu a bayansa ya yi tauri kamar igiya, in na matsa sai zafin ya haura matsematsi har mara. In na tallafe wurin da hannu sai in ji sauƙi. Na tuna waɗannan dalla-dalla ne don daga baya wani likita ya jera mini su ɗaya bayan ɗaya, sai ka ce yana tsaye a banɗakin, ya ce a ranar ce ya kamata in nemi magani.

Magani kuwa bai yi mini nisa ba. Akwai ɗakin shan magani a wani gari kan hanyar Makarfi, tafiyar rabin sa'a a keke. Shi kaɗai ne a duk yankin, kuma malamin asibitin da ke riƙe da shi surukina ne, mahaifin matata.

Mutum ne dogo, marar yawan magana, kullum jikinsa na warin aidin. Mutane na yabon hannunsa a allura, har daga Ikara ana zuwa wurinsa. Matata 'yar farinsa ce, don haka bai taɓa kiran sunanta ba. In ya tambaye ni ita sai ya ce, "Yaya mutanen gidan?" alhali ya san ita kaɗai ce a gidan. Ni kuma in na hango shi a hanya, tun daga nesa nake sauka daga keke, in tuɓe takalmi, in durƙusa a gefe har ya wuce. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ina alfahari da cewa na fi sa'o'ina iya wannan ladabi. To, wannan mutumin ne zan je in kwance wa mazagin wando.

Ba nan kaɗai abin ya tsaya ba. A wurinmu zafin fitsari suna ɗaya gare shi, ciwon sanyi, kuma kowa ya san inda ake kwaso shi. Ni kuwa na sha kai mazarƙwaila Zariya in kwana can. Allah shi ne shaidata ban taɓa bin wata mace ba, amma da wane baki zan fara yi wa uban amaryata wannan bayani?

Matata ce ta fara ganewa. Wata safiya ina fita tsakar gida ƙafafu a buɗe, ta dakata da shara ta dube ni.

"Malam, tafiyar nan taka ba ta lafiya ba ce."

"Ɗaukar garwa ce."

"Ka je wurin Baba mana. Ba abin da bai gani ba."

Na ce mata ta ji da tsintsiyarta. Ban saba yi mata magana haka ba. Ta sunkuya ta ci gaba da shara, da rana kuma ta dafa mini ruwan zafi ta ajiye a banɗaki.

A kwana na shida zazzaɓi ya shigo. Ina tsaye gaban kasko da tsakar rana, wuta na ci, ni kuma haƙorana na haɗuwa. Yayana ya ce in je a ba ni ƙwayar zazzaɓi in dawo, akwai rake a ƙasa. Na hau keke, na kasa zama kan sirdi, na yi ɗan tuƙi a tsaye, daga baya na sauka na tura shi har garin. Na tarar da layi a baranda, kowa riƙe da kwalbarsa ta karɓar ruwan magani. Ana ta matsa mini in zauna kan benci, ina cewa na fi son tsayuwa.

Da layi ya zo kaina na tuɓe takalmi, na durƙusa daga bakin ƙofa. Durƙuson nan sai da na ga duhu. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi yayana, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida. Idonsa na kan littafin da yake rubuta sunayen marasa lafiya, nawa na kan siminti.

"Me ke tafe da kai?"

"Ciki ne, Baba. Da ɗan zazzaɓi."

"Ciki," in ji shi. "Daga ina zuwa ina?"

Na ɗora hannu a cibiya.

"Nan kaɗai?"

"Nan kaɗai, Baba."

Ya ajiye alƙalaminsa. Akwai wani koren labule a bayansa, inda yake shigar da mutane ya duba su. Na dubi labulen sau ɗaya na kawar da kai. Ya tashi ya zuba mini farin ruwan magani a kwalba, ya ƙunsa mini ƙwayoyin zazzaɓi a takarda. Har na kai ƙofa ya ce, "Ciwon ciki iri-iri ne. Akwai wanda mutanen Zariya suka fi mu sanin maganinsa. Jibi akwai motar kasuwa."

Na ce, "To, Baba. Allah ya ƙara girma." Na ɗauka tawali'u ne irin na manya, yana rage wa kansa iyawa. Na fito ina jin daɗi har cikin raina, don na shiga na fita mutuncina bai taɓu ba.

Washegari na nufi gidan wanzamin garinmu. Shi ya yi mini kaciya, babu abin da zan ɓoye masa. Ya duba ya yi dariya, ya ce ango ya cika gaggawa, sannan ya ce jini ne ya taru saboda ɗaukar kaya, in ba a fitar da shi ba gwaiwa ce za ta sauka. Ya kafa mini ƙaho a cinya da matsematsi, ya nuna mini baƙin jinin da ya fito a cikin sakaina, ya ba ni jiƙo da jar kanwa. Mutumin kirki ne, abin da ya sani ya yi. Na ji kamar da sauƙi na yini guda. Na yage tsohon zane na ɗaure wurin a ƙugu, na koma bakin injin. Masu aiki suka sa ni gaba da tsokana, wai nan gaba sai an ɗinka mini wando na musamman, ni ma ina taya su dariya.

Kumburin bai tsaya ba. Ya kai girman lemon zaƙi, fatar ta yi ja tana sheƙi, in ka kai hannu kusa sai ka ji zafi na tashi. Ruwan maganin ciki na sha shi har ƙarshe, saboda Baba ne ya ba ni, ya kuwa wanke mini cikin da ba abin da ya same shi. Sannan ɓangaren dama ma ya fara irin nauyin nan da na sani.

A nan na tsorata. Na sake tura keke zuwa garin, na haddace abin da zan faɗa, kalma biyar ko shida. Ina isa bakin baranda na hango surukata, mahaifiyar matata, ta kawo masa abincin rana tana zaune daga ciki. Na juya keken. Ban ma bari sun gan ni ba.

A kwana na goma sha tara na faɗi. Da hantsi ne, na sunkuya zan ɗaga garwa, sai na ji ni a ƙasa kusa da hanyar doki, dokin ya zo ya tsaya a kaina. Yayana ya ɗago ni, ya ga wandona ya jiƙe da ruwan ƙurji da jini. Bai yi tsokana ba. Aka shimfiɗa ni a bayan motar da za ta kai mazarƙwaila Zariya, a kan buhuna. Abin da na fi tunawa a tafiyar shi ne ƙudan zuma da ke bin motar saboda zaƙi.

A babban asibiti aka yi mini aiki. Na hagun ya riga ya lalace, aka cire shi. Bayan kwana biyu likita ya zo da wani ma'aikaci mai yi masa tafinta. Ya ce a bayan kowane ɗan maraina akwai wata siririyar hanya a nannaɗe, nan iri ke taruwa, ta nan kuma yake wucewa. Ƙwayoyin cuta kan hauro daga mafitsara su kama ta. Wani lokaci daga mace ake ɗauka, wani lokaci kuma daga mafitsarar mutum kansa ne, ba sai ya yi wani laifi ba. Ya jera mini alamun farko, zafin fitsari, nauyi a gefe ɗaya, tauri a baya, zazzaɓi. Ya ce da na zo a lokacin, allura bakwai da ƙwayoyi da kwanciya sun ishe ni.

"Ba ku da malamin asibiti a kusa?" in ji tafintan.

"Muna da shi."

"Ba ka je ba?"

"Na je."

"Me ya ce maka?"

"Ban gaya masa ba."

Tafintan ya juya wa likita maganar. Likita ya dube ni, bai tambayi dalili ba. Sannan ya ce na daman ya tsira, amma ciwon ya kai ga hanyarsa, in irin wannan ya warke kuma yakan bar tabo ya toshe ta. Bai ce ba zan taɓa haihuwa ba. Ya ce kada in sa rai.

Na jira in ji wani abu, ban ji ba. Na kwanta ina kallon silin, ina tunanin wa ke tura rake a injin yanzu.

Ran Lahadi surukina ya zo dubiya. Na yunƙura zan sauko in durƙusa, ya ɗaga mini hannu. Ya tsaya daga ƙafafun gado, ya ciro katin da ake ratayewa a nan, wanda likita ke rubutu da Turanci. Ya sa tabarau ya karanta, ya juya bayansa ya karanta. Ya mayar da shi inda yake. "Allah ya ƙara sauƙi," in ji shi, ya ajiye mini ƙunshin lemo, ya tafi.

Da na koma gida matata ta yi jinyata. Ta san an yi mini aiki, ta ga ɗinkin. Maganar likita ta ƙarshe ce ban gaya mata ba. Na ce sai na ji ƙarfi, da na ji ƙarfi na ce sai bayan damina, wataƙila ma likitan bai sani ba, ai ba shi ne Allah ba.

Shekara ta zagayo, wata ta biyo ta. Dangina suka fara kallon cikinta in ta kawo musu ruwa. A wurinmu in aure bai yi haihuwa ba ba a duban namiji, ballantana namijin da ke ɗaukar garwa biyu a lokaci ɗaya. Aka fara kai ta wurin masu magani. Gwaggonta ta Ikara ta san wata tsohuwa mai sassaƙe, wani ya ba da labarin wani malami a Janfalan. Ta sha rubutu, ta sha jiƙo mai ɗaci har idonta na hawaye, ta yi turare, ta yi wanka da ganye. Tana da wata 'yar baƙar tukunya da take jiƙa sassaƙen a ciki, kullum tana nan a gindin randa. Ni nake sayo mata wasu magungunan ranar kasuwar Makarfi. Ni nake raka ta tasha.

Yayana da 'yan'uwa suka matsa mini in ƙara aure. Na ƙi, don na san in ta biyun ma ta zauna shiru ido zai juyo kaina. Sai aka fara yabona. Ana cewa ga mai haƙuri, ga wanda ya riƙe mace don Allah. Har a majalisa an sha yin misali da ni. Na karɓi yabon nan ina sunkuyar da kai. Wata rana ita kanta ta durƙusa ta yi mini godiya, ta ce ta san ba kowane namiji zai zauna da ita haka ba. Na ce mata ba komai. Shekara goma sha huɗu muka yi a haka, kuma ba zan ce ina kwana da baƙin ciki ba. Wurin da ya kamata in ji abin ya daɗe da mutuwa.

Surukina ya yi ritaya, 'ya'yansa maza duk suna aiki a Kaduna. Wata safiya aka aiko in je maza. Na same shi kwance a ɗakinsa yana gumi. Na durƙusa na fara gaisuwa, ya katse ni, abin da bai taɓa yi ba.

"Bar gaisuwar nan. Fitsari ya ƙi fita tun jiya da la'asar. Marata ta kumbura. Matso ka taɓa ka ji."

Ya ɗaga rigarsa da kansa, ya kama hannuna ya ɗora. Wurin ya yi tauri kamar ganga. Ya ce in nemo mota a kai shi Zariya yanzu, ba gobe ba. Ni na ɗauke shi na sa a mota, ni na riƙe masa zane lokacin da ma'aikata ke sa masa robar fitsari. Kafin azahar ya samu kansa, fuskarsa ta saki.

Ina zaune a ƙasa gefen gadon, sai ya ce, yana kallon sama, "Ka ga yadda ake yi? Ashe ba wuya."

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Ranar da ka zo mini da ciwon ciki, tun kana baranda na ga tafiyarka. Na ga irinta ba adadi. Allurar tana cikin kabad ɗin da ke bayana. Da wani ne, da na ce shiga bayan labule, ko yana so ko ba ya so."

"Baba, ni ne ban faɗa ba."

"Kai ba ka faɗa ba, ni ban tambaya ba. Aikina ne in tambaya." Ya numfasa. "Katin nan kuma na karanta shi. Na san abin da ke ciki. Yarinyar nan tana biyowa ta gidana in za ta Ikara neman magani, ina jin uwarta na yi mata rakiya, ina zaune a zaure. Ni da kai muka bar ta da wannan nauyi."

Ranar ce na fara kallon idonsa. Idon tsoho ne kawai, da ɗan fari-fari a gefe.

"Ka gaya mata," in ji shi. "Ni ba zan iya ba. Ko sunanta ban taɓa kira ba."

Bayan kwana biyu na koma gida da la'asar. Na same ta a tsakar gida da faranti a cinya, tana tsintar wake. Ta tambayi jikin Baba, na ce da sauƙi. Na jawo kujera na zauna kusa da ita, na gaya mata duka, tun daga zafin fitsari har maganar likita. Ban rage komai ba, ban nemi gafara ba tukuna, don na ga bai kamata in ɗora mata wannan ma a rana ɗaya ba. Hannunta bai daina tsintar ba har na gama.

"Baba ya sani?"

"Ya sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ina asibiti."

Ta fitar da wani ɗan dutse daga cikin waken, ta jefar.

"Malam, da ka faɗa da wuri, me likitan ya ce za a yi maka?"

"Allura bakwai. Da ƙwayoyi."

"Bakwai," in ji ta.

Ta ajiye farantin, ta tashi ta nufi gindin randa. Ta ɗauko baƙar tukunyar, da sauran jiƙon safe a ciki, ta zubar a bakin rariya. Ta wanke ta ciki da waje, ta kife ta a rana, ta dawo ta ɗauki wakenta. Ba ta yi kuka ba, ba ta tafi gidansu ba. Da magariba ta kawo mini tuwo kamar kullum.

Ba ta sake tada maganar ba, amma tun daga ranar ba ta ƙara ce mini ta gode ba, ko a kan mene ne. Tukunyar tana nan har yanzu, a ciki muke zuba wa kaji ruwa.